Yadda Ladingo Ta Rage wa Wuƙa Baki Ɗaya

Dalilin da ya sa wuƙar da iyayenku mata ke yanka albasa da ita take da kaifi ta gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen kuwa ko tafin hannu aka ɗora aka danna ba abin da zai faru, ba ƙyuyar maƙera ba ce. Kai, ajiye wuƙar nan, ban ce ka gwada ba. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

A can zamanin da, duk wani abin yanka siffarsa ɗaya ce: miƙaƙƙe, mai tsini, da kaifi dama da hagu. Girma ne kaɗai ya raba su. In dogo ne a kira shi takobi, a ba mayaƙa da mafarauta. Matsakaici na mahauta ne. Ƙarami na mata, ɗan mitsitsin kuwa shi wanzamai ke aski da shi. Amma dukkansu bakinsu biyu, ta ko'ina ka taɓa sai sun cije ka.

A wani gari da ake kira Gangaren Marke akwai wani maƙeri mai suna Korau. Wajen aiki gwani ne, wannan ba mai musu. Sai dai Allah ya zuba masa taurin kai. Duk wanda aka kawo masa koyon ƙira ba ya daɗewa yake tattara nasa ya nasa ya gudu, don haka shi ke zuga wuta, shi ke dukan ƙarfe, shi ke washi. Ba abin da yake alfahari da shi kamar kaifin kayansa. In ya gama wuƙa sai ya ɗaga ta sama, ya juya wannan baki, ya juya wancan, yana murmushi shi kaɗai.

Matarsa Ladingo ita ke shan wahalar wannan murmushi. Mace ce mai hannun girki, musamman miyar taushe, wadda Korau ke so kamar ransa. To, taushe kuwa sai da kabewa, kabewa kuma ba ta rabuwa da lallashi. In wuƙa ta shiga ta maƙale a tsakiya, dole ka ɗora hannu a samanta ka danna. Ka danna a ina, alhali saman ma kaifi ne? Ladingo ta gwada naɗa tsumma, wuƙa ta ratsa tsumma. Ta gwada bugawa da muciya, muciya ta tsage. Haka wajen fere doya, babban yatsa ba shi da wurin hutawa. Tun da aka kawo ta gidan nan hannunta bai taɓa rabuwa da ɗauri ba, wani yankan na warkewa wani na zuwa.

Da a ce ita kaɗai ce, da ta haƙura. Amma duk matan garin haka hannuwansu suke, kuma duk sun san gidan da wuƙaƙen ke fitowa. Ladingo ba ta isa ta je rijiya ta ɗebo ruwanta cikin kwanciyar hankali ba.

Wata safiya maƙwabciyarta Tasalla, mace mai baki, ta tare ta a bakin rijiya, ta miƙo mata yatsa a naɗe har kusa da hanci.

"Matar maƙeri, kin ga aikin mijinki?"

"Na gani, Tasalla. Ga nawa nan ma."

"Naki ai na gida ne, ke kika zaɓa. Mu me muka yi masa? Ke ce kike zuba masa tuwo, ke ce kike jin minsharinsa, a ce ki kasa gaya masa magana guda?"

Sauran mata suka ɗauka, kowa da abin da take faɗa. Ladingo ta ɗauki tulunta ko cika bai yi ba, ta koma gida tana tsaki.

Da rana ta kai wa Korau abinci maƙera, ta bari sai da ya ci ya ƙoshi, ya sha ruwa ya yi gyatsa, sannan ta gyara zama.

"Maigida, wata 'yar alfarma nake nema."

"Ina jin ki."

"In za ka ƙera mini wuƙa, ka wasa gefe ɗaya, ka bar ɗayan yadda yake. Don in sami wurin ɗora hannu."

Korau ya dube ta kamar ta ce ya yi tuwo da gawayi.

"In bar gefe ɗaya? Ai wannan rabin wuƙa ke nan. So kike a riƙa yawo da ni a gari, ana cewa Korau ya gaji a tsakiyar aiki?"

"Ba wanda zai gani, a madafa za ta zauna."

"Ni zan gani. Ubana baki biyu ya yi, kakana baki biyu ya yi. Ku dai mata ba ku iya riƙon wuƙa ba ne. Ga ƙota an yi muku, me ya kai hannunku kan ƙarfe?"

"Kabewa ce ta kai shi."

"To ki yi wa kabewa magana."

Ladingo ta kwashe kwanuka ta fita. Daga ranar ta daina taushe, ta koma kuka da kuɓewa busasshiya, ko ya ji a jikinsa. Korau ya ci kukarsa ya lashe hannu, ya ce ai kuka ma miya ce. Ta aika masa amininsa Mantau wanzami, wanda shi ma 'yar askarsa mai baki biyu ta sha yanka masa yatsu, ta kuma sha tsarge kunnuwan mutane. Mantau ya je da niyyar faɗa, suka zauna suka yi hirar farauta, ya dawo ya ce wa Ladingo ta ƙara haƙuri. Ta ce haƙurin ne ta naɗa a hannu yake gani.

Ana nan, sai 'yarsu Yalwa ta dawo gida haihuwar fari, Allah ya sauke ta lafiya, aka sami ɗa namiji. Korau ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ya ce ranar suna duk garin nan sai sun ci tuwon shinkafa da taushe, ya sa aka jibge kabewa a tsakar gida har ta kusa kai tsayin danga.

Ana gobe suna, da hantsi, mata suka cika gida. Ladingo ta fito da wuƙaƙe ta zube a faifai. Ba wadda ta miƙa hannu.

Tasalla ta ce, "Daka za mu yi, tankaɗe za mu yi, tuƙi ma a bar mana. Amma yankan kabewar nan, wallahi ba da mu ba. Mun zo barka ne, ba mu zo ba da jini ba."

Ladingo ta dube su, ta dubi tulin kabewa. Ta jawo guda ta kafa mata wuƙa. Ta farko ta rabe. Ta biyu ta rabe. Ta uku wata ƙosasshiya ce mai taurin baya, wuƙa ta shiga ta tsaya. Ladingo ta ninka tsumma ta danna, sai ji ta yi zafi ya ratsa mata hannu, jini ya jiƙa tsumman.

Ba ta yi kuka ba, abin ya wuce kuka. Ta ɗaure hannun, ta jawo babban kwando ta cika shi da kabewa, ta ɗora waccan mai wuƙa a maƙale a sama, ta ce a ɗora mata a ka. Mata suka bi ta da kallo har ta fice.

A lokacin Korau na zaune a ƙofar maƙera tare da Mantau da wasu dattawa, ana ta yi masa barka. Sai ga Ladingo ta iso, ta juye kwandon a gabansu. Kabewa ta gangara ko'ina, wata ta shige ƙarƙashin zuga-zugi, wata ta bugi wani dattijo a ƙafa.

"Ke, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau, Maigida. Ka ce ba mu iya riƙon wuƙa ba. Ga wuƙarka, ga kabewarka, gobe suna. Koya mana."

Dattawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Korau ya ga in ya ƙi ya ji kunya. Ya naɗe hannun riga, ya jawo kabewar nan mai wuƙa a jiki.

"Ku duba ku gani. Ƙota kawai ake riƙewa, a ja haka."

Ya ja, wuƙa ba ta motsa ba. Ya murɗa, ko gezau. Ya taka kabewar da ƙafa ya yi nishi, gumi ya keto masa. Wani daga cikin dattawan ya yi tari irin na mai ɓoye dariya. Nan zuciya ta ɗebi Korau. Kun san mutumin da ya saba da masaba, gudumar maƙera, in abu ya ƙi shiga, duka ne maganinsa. Kafin ya yi tunani ya ɗaga hannun dama ya maka wa saman wuƙar tafi da dukkan ƙarfinsa.

Kabewa ta rabe gida biyu. Tafin hannun Korau ma ya kusa.

Ihun da ya yi sai da awakin unguwa suka watse. Mantau ya yi maza ya danne wurin, ya wanke, ya barbaɗa garin bagaruwa, ya naɗe hannun har ya koma kamar tulun yara. Ya ce, "Abokina, yankan nan ya yi zurfi. In ka kuskura ka riƙe masaba ko dutsen washi kafin ya haɗe, to ka yi ban kwana da yatsun nan."

Ladingo ta tsorata, don ba haka ta so ba. Ta riƙe shi ta kai shi gida, ta dama masa kunu. Amma da ta ji yana gaya wa masu zuwa dubiya wai kabewar ce ba ta nuna ba, sai tausayin ya ragu da rabi.

Aka yi suna da miyar kuka.

Bayan suna sai babbar damuwa ta taso. Kafin ya ji ciwo, Korau ya riga ya ƙera takubban da Sarkin Baka, shugaban mafarautan ƙasar, ya sa shi yi don farautar rani, ya kuma ƙera wuƙaƙen da zai kai kasuwa. Duk an gama dukansu, an sa musu ƙota, washi kaɗai ya rage. Sarkin Baka kuwa ya aiko cewa in kasuwa ta ci bai ga takubbansa ba, zai mayar da aikinsa wurin maƙerin Tudun Faru har abada. Wannan maƙeri shi ne mutumin da Korau ya fi ƙi a duniya. Ga rumbu ya yi ƙasa saboda hidimar suna, ga mai jego a ɗaka.

Korau ya nemi Mantau ya taya shi. Mantau ya nuna masa nasa yatsun a naɗe, ya ce da wanne? Maƙerin ya rasa wanda zai roƙa, don duk wanda ya iya washi a garin, Korau ya taɓa korarsa daga maƙera. Ya yi ta kai da kawowa a tsakar gida da hannu a rataye, yana gyaran murya. Ladingo tana tsince shinkafa, ta yi kamar ba ta gan shi ba.

Can ya ce, "Ladingo."

"Na'am."

"Washi fa ba wani abu ba ne. Goga ƙarfe ne a dutse, kamar niƙa."

"Haka ne?"

"In na tsaya a kanki ina nuna miki..."

"Ni da ban iya riƙon wuƙa ba?"

Ya ce, "Wannan magana ai ta wuce."

"A wurinka ta wuce. Ni ga ta nan a hannuna." Ta ajiye faifai. "Zan yi. Nawa yankan bai kai naka ba, zan iya. Takubba zan wasa su baki biyu yadda kake so, tun da ba mai yanka kabewa da takobi. Amma wuƙaƙen mata, gefe ɗaya zan wasa."

"Ba a gidana ba!"

"To, a gai da maƙerin Tudun Faru."

Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta. Korau ya fita, ya dawo. Ya sake fita, ya sake dawowa. Ya tsaya ya dubi ɗakin da jikansa ke kuka, ya dubi rumbu. Daga ƙarshe ya ce, cikin wata murya kamar ana cire masa haƙori, "Wannan karon kawai. Kuma kada ki ce daga maƙerata suka fito."

"Daga sama zan ce sun faɗo."

Haka Ladingo ta durƙusa gaban dutsen washi, tana yayyafa ruwa tana gogawa, bayanta kamar zai karye. Korau na tsaye a kanta bai bar ta ta huta da baki ba. "Kwantar da shi. Kin kwantar da yawa. Ba haka ake ja ba. Wayyo ƙarfena!" Sau da yawa ta ji kamar ta jefa takobin cikin rijiya ta huta. Amma ta daure har ta gama su, Sarkin Baka ya aiko aka ɗauka, ya ce sun yi. Da ta zo kan wuƙaƙe, tana gama gefe ɗaya ta ajiye, sai Korau ya miƙo hannun hagu a hankali zai juya mata ɗaya gefen. Ta buge hannun. Ya sake, ta sake bugewa. Ya tashi ya koma bayan maƙera ya zauna, wai ba zai iya kallon wannan ɓarna ba.

Ranar kasuwa ya ce zazzaɓi yake ji, ya ja bargo ya rufe har kai. Ladingo ta ɗauki wuƙaƙe a faifai, ta ɗauki kabewa guda, ta tafi. Ta sami wuri kusa da masu kayan miya ta zauna. Tasalla ce ta fara zuwa, ta ɗauki ɗaya ta juya.

"Au, yanzu kuma ragowar aiki ake kawo mana? Wannan gefen ai ko tuwo ba zai yanka ba."

Ladingo ta jawo kabewar da ta zo da ita. Ta kafa wa kabewa wuƙa, ta ɗora tafin hannunta tsirara a samanta. Tasalla ta yi salati ta rufe ido. Da ta buɗe, kabewa na kwance gida biyu, Ladingo na nuna mata hannu, ba ko ƙwarzane.

Ai kafin ka ce me, wurin ya cika. Mata suka yi ta wawaso, wata na jan ƙota wata na jan zanen 'yar'uwarta. Mahauta suka baro rumfarsu suka zo kallo. Rana ba ta take tsaka ba faifai ya zama wayam. Ladingo ta koma gida da hatsi da man shanu, ta tarar da mai zazzaɓi ya warke yana leƙe ta saman danga.

"Sun yi dariya ko?" in ji shi.

"Sun yi. Har suna tambaya ko akwai saura."

Za ku ce shi ke nan, magana ta ƙare. Ai ba ku san Korau ba. Hannunsa na warkewa ya koma maƙera, ya hura wuta, ya ƙera wuƙaƙe masu yawa, ya wasa su dama da hagu har suna ƙyalli. Ladingo ta shigo da abinci ta gan su a jere. Ta tsaya da kwano a hannu.

"Maigida, mene ne wannan?"

"Wuƙa. Cikakkiya. Na ce miki wancan karon kawai."

Ta dire kwanon har miya ta fantsama. "Wallahi da dutse nake yi wa magana shekarun nan, da yanzu ya amsa."

Ya kai su kasuwa da kansa, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna tun safe. Mata suka yi ta wucewa kamar ba su ga mutum ba. Wadda ta tsaya ma cewa take, "Ina irin ta Ladingo?" Da yamma ya naɗe kayansa cif yadda ya kawo su. Washegari da sassafe ya fito ya tarar da mata a ƙofar maƙera, kowace da tsohuwar wuƙarta, Tasalla a gaba, wai a kashe musu gefe ɗaya. Bayansu ga Mantau da 'yar askarsa yana sosa ƙeya.

"Har da kai, Mantau?"

"Abokina, kunnuwan garin nan sun kusa ƙarewa."

Korau ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya ce a bar masa ƙofa. Ba wadda ta motsa. Tasalla ta ce in bai iya ba, su ji da wuri, Tudun Faru ba nisa. Jin sunan nan sai ya fizge wuƙar daga hannunta, ya shiga ciki. Aka ji masaba na sauka da ƙarfi fiye da yadda aikin ke bukata. Yana daka bakin wuƙa yana mita, har ya gama da ta ƙarshe.

Da ya ga ba makawa, sai gwanintarsa ta motsa. Ya riƙa yi wa gefen da ba kaifi kauri, don ya yi daɗin dannawa, ya kuma ba wuƙar nauyi. Labari ya bazu. Fatake suka ɗauki wuƙaƙen Gangaren Marke zuwa garuruwa, har wata rana maƙeran wasu ƙasashe suka yi takakkiya suka zo ganin mai wannan hikima.

Korau ya sa babbar riga, ya shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida. Ladingo na bayan danga tana yanka musu kabewar taushe, tana jin komai.

Babbansu ya ce, "Malam Korau, yaya aka yi wannan tunani ya zo maka?"

Korau ya shafa gemu. "To, abin ya daɗe yana yi mini yawo a ka. Na dubi wahalar da mata ke sha, na ce a'a, ba zai yiwu ina raye a ci gaba da haka ba. Iyalina ma da farko ba ta gane ba, sai da na zaunar da ita na yi mata bayani."

Wuƙa ta tsaya a hannun Ladingo. Ta ɗaga kai sama, ta sauke numfashi. Ta yi niyyar yin shiru saboda baƙi, ta ga in ta yi shiru cikinta zai fashe. Sai ta ɗaga murya ta bayan danga:

"Maigida, buɗe musu tafin hannunka na dama, su ga ƙofar da tunanin ya shiga!"

Baƙi suka dubi hannun Korau. Korau ya tura shi cikin aljihun riga a hankali, ya yi gyaran murya, ya tambaye su yaya damina ta yi a wajensu.

Shi ya sa har yau takobi ke da baki biyu, don shi ne rabon Korau a cinikin da suka yi, wuƙar girki da askar wanzami kuwa ɗaya-ɗaya gare su. In kun ga mace ta ɗora hannu a bayan wuƙa ta danna, kabewa ta rabe ba jini ba tsumma, Ladingo ce ta yi mata wannan gata, ko da maƙeran duniya za su taru su rantse cewa su ne.